Tarihin Zaren Ɗinkin Bargon Lifidi

Mutanen ƙasashen sanyi, musamman na Ingila da Amurka, suna da wata daɗaɗɗiyar sana'a wadda galibin ma'abotanta mata ne, watau ɗinkin wani irin bargo mai hawa uku: ƙyalle a ƙasa, auduga ko gashin tumaki a tsakiya, sa'an nan a shimfiɗa wani ƙyallen a bisa, wanda sau da yawa harhaɗa shi ake yi daga guntaye masu launi dabam-dabam, a bi duka ukun da allura ana sokewa, layi bayan layi, har su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa ganin dokin lifidi ranar hawan salla ba zai sha wuyar fahimtar wannan aiki ba, gama hikimar guda ce, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun da Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sai dai abin da kakanninmu suka ɗinka don tare kibiya, su can don tare hunturu suka ɗinka shi, saboda haka bargon lifidi za mu kira nasu. Masu rubuta tarihin wannan sana'a sun yawaita magana a kan ƙyallaye da launuka da zane-zane, suka bar zare a baya kamar ba shi da wani sha'ani, alhali kuwa, a ganina, babu wani sauyi da ya taɓa tabbata a cikinta face sai da aka jira masu kaɗi da masu murɗa zare suka kawo abin da zai ɗauke shi.

A zamanin da babu abin ɗinki sai hannu, firam ɗin aikin sanduna huɗu ne kurum na katako, a ɗaure kusurwoyinsu, a ɗora bisa bayan kujeru, a wasu gidajen ma a rataye shi da igiya a jikin rufin ɗaki, in an tashi daga aiki a ja shi sama don a sami wurin kai-da-kawo. Matan maƙwabta kan taru su kewaye shi, irin gayyar da aka sani, kowace ta kama gefenta, hannun dama a bisa yana tura allura, na hagu a ƙarƙashi yana jiran tsininta ya taɓa yatsa don a san ta ratsa hawa ukun, in sun gama iyakar inda hannu ke kaiwa sai a naɗe gefen a jikin sanda a matso ciki. Zaren da kowace ke tsinkowa bai fi kamu guda ba, ta goga shi a jikin kakin zuma don ya yi santsi kada ya cukurkuɗe, ta ƙulla bakinsa, ta fizge shi a hankali har ƙullin ya shige ya ɓuya cikin auduga. Layukan kuma dole su yi kusa da juna ƙwarai, domin audugar wancan lokaci shiɓarta ake yi a gida, wani lokaci har da ɓurɓushin gurya a ciki, idan aka bar mata fili sai ta dunƙule wuri guda tun a wankin farko. Da yawa daga cikin adon da ake yabo a jikin tsofaffin barguna larura ce ta haife shi. Abin lura a nan shi ne, zaren da hannu ke ja aikinsa da sauƙi, yana wucewa a natse, in ya zo da kulli ko kaushi yatsa ya ji, a lallaɓa shi ya wuce. Don haka zaren lilin, ko na siliki ga masu hali, ko na ulu, duk sun wadatar. Zaren auduga kuwa a lokacin ba a ɗauke shi abin dogara ba wajen ɗinki, saboda rauninsa da rashin daidaiton kaurinsa.

Yaƙi ne ya ɗaga darajarsa. A ƙasar Sikotlan, kusa da birnin Gilasgo, akwai wani gari na masaƙa mai suna Paisley, wanda ya yi suna wajen saƙar gyale, kuma da zaren siliki ake yi wa masaƙansa andira. Da Nafoliyon na Faransa ya datse ciniki tsakanin Ingila da sauran ƙasashen Turai a 1806, sai silikin ya yanke, sana'ar gari duka ta shiga haɗari, har wani mai suna Patrick Clark ya gano yadda zai murɗa siraran zaruruwan auduga su haɗu su yi santsi da ƙarfin da zai maye gurbin siliki. Ba a jima ba matan garin suka gane cewa wannan zare na andira ya dace da allura, zuwa 1812 kuwa gidan Clark ya shiga sayar da shi a matsayin zaren ɗinki. Da fari ƙulli-ƙulli ake sayarwa, mace ta je gida ta warware ta naɗe da kanta, daga baya suka fara naɗe shi a kwarkwaron katako, suna karɓar sisin kwabo a kan kowane kwarkwaro, wanda ake mayar wa mai saye in ya dawo da shi fanko. A 1826 James Coats ya kafa tasa masana'antar a unguwar Ferguslie ta wannan gari, 'ya'yansa James da Peter suka karɓe ta a 1830, aka sami kamfanin J. & P. Coats. Gidajen nan biyu su ne suka yi ta gogayya shekara da shekaru, har suka haɗe a 1896, suka zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin masana'antu na duniya a farkon ƙarni na 20.

Bai halatta a wuce wannan wuri ba tare da an faɗi inda audugar ke fitowa ba. Zare mai kyau yana bukatar auduga mai dogon sili, domin gwargwadon tsawon sili gwargwadon ƙarancin bakunan da ke leƙowa a jikin zare, mafificiyarta kuwa a wancan zamani ita ce ta tsibiran gaɓar Jojiya da Karolina ta Kudu a Amurka, wadda bayi 'yan asalin Afirka ne ke noma ta, su tsince ta, ba tare da ladan ko anini ba. Santsin zaren da matan Ingila ke sha'awa, da gumin waɗannan bayin Allah aka same shi, kuma da yawa daga cikin matansu su ma gwanayen ɗinkin bargon ne, suna yi wa iyayengijinsu da rana, da dare su harhaɗa tsummokara su yi wa 'ya'yansu. Sai da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke daga 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke wa masana'antun Ingila, sa'an nan hankali ya koma sosai ga Masar, inda tun wajen 1820, a zamanin Muhammadu Ali Basha, aka fara noma wata auduga mai dogon sili wadda wani Bafaranshe mai suna Jumel ya ja hankalin hukuma gare ta. Har yanzu idan mai sayar da zare yana son ya yabi hajarsa, audugar Masar yake ambata.

Keken ɗinki shi ne ya zo wa zare da jarrabawar da bai taɓa gani ba. Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, kuma asirin ɗinkinsu ya saɓa wa na hannu tun daga tushe, gama kafar allurar keke a bakin tsininta take, zaren kuma biyu ne, na sama da na ƙasa. Allura takan nutsa da zaren sama, in ta fara ɗagowa sai zaren ya ɗan yi lanƙwasa a bayanta, ƙoshiya ko ƙugiyar da ke ƙasa ta cafke wannan lanƙwasa ta zagaya da ita bayan kwarkwaron ƙasa, sa'an nan wani hannu da ke sama ya fizge ragowar ya ɗaure. To, da yake zaren da ake bukata don zagaya kwarkwaro ya ninka wanda ɗinki guda ke ci sau da yawa, kowane ɗan yanki na zaren sama sai ya yi ta safa da marwa ta cikin kafar allura, sau gomomi, kafin ya sami wurin zama a jikin ƙyalle. Zaren hannu na lokacin, mai tufka uku, mai tauri saboda sitacin da ake shafa masa, bai jure wannan ba: ko ya tsinke, ko ya saɓule, ko ya maƙale. George A. Clark, jikan gidan nan na Paisley wanda ya koma Amurka, shi ne ya warware mas'alar a shekarun 1860, da ya fito da zare mai laushi mai tufka shida, watau a murɗa sili biyu-biyu, sa'an nan a haɗa uku daga cikinsu a sake murɗawa ta ɗaya hannun, sai ya fito a mulmule, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya sa masa alamar O.N.T., haruffan farko na kalmomin da ke nufin sabon zarenmu, aka gina masa masana'anta a Newark ta jihar New Jersey, su Coats kuma suka kafa tasu a Pawtucket wajen 1870, saboda harajin da Amurka ta ɗora wa zaren waje ya sa kawo shi daga Sikotlan ba ya biya. An kuma tsayar da ƙa'idar cewa murɗin ƙarshe na zaren keke ta hannu guda ake yinsa, wanda juyin ƙugiya ke ƙara tsaurarawa maimakon ya warware shi.

Akwai kuma wasu gyare-gyare biyu da suka inganta zare. John Mercer ya gano a 1844 cewa idan aka tsoma auduga cikin ruwan soda mai ƙuna silinta kan kumbura, ta ƙara ƙarfi da shan rini, Horace Lowe kuma ya ƙara a wajen 1890 cewa in an ja ta an miƙe lokacin tsomawar sai ta yi sheƙi kamar siliki. Na biyun shi ne babbaka: a wuce da zaren da gudu ta cikin harshen wuta, gashin jikinsa ya ƙone, shi bai ƙone ba.

Da keke da zarensa suka shiga gidaje, mata ba su yi wata-wata ba suka riƙa harhaɗa guntayen ƙyalle da shi, wasu ma har sokewar hawa ukun suka yi da keke, don a lokacin mallakarsa abin alfahari ne. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 kuma masu ƙirƙira suka yi ta fito da firam iri-iri da za a haɗa da keke. Amma tura bargo mai nauyi ta ƙarƙashin ɗan gajeren wuyan keken gida azaba ce, saboda haka ɗinkin hannu ya ci gaba da riƙe martabarsa, na keke kuwa aka bar wa masana'antun katifa da shimfiɗar gado. Ana cikin haka, a 1941, wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka haɗa sinadarin poliyesta, bayan an riga an sami nailan a Amurka a shekarun 1930, zuwa shekarun 1960 kuwa har an fara sayar da zare mai zuciyar poliyesta da rigar auduga.

Sana'ar ta ɗan yi sanyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ta farfaɗo da ƙarfi, musamman bayan da gidan adana zane-zane na Whitney da ke birnin New York ya rataye tsofaffin barguna a bango a 1971 kamar yadda ake rataye aikin manyan masu zane, da kuma bikin cikar Amurka shekara 200 da 'yanci a 1976, wanda ya sa mutane marmarin ayyukan kakanninsu. Da wannan farfaɗowa aka sami saɓani mai zafi. Wani ɓangare ya tsaya a kan cewa bargon da ba hannu ya soke ba bai cancanci sunan ba, ɗinkin keke bidi'a ce da ha'inci. Ɗaya ɓangaren kuwa yana cewa keke kayan aiki ne kamar allura, gwaninta a hannun mai riƙe da shi take. Abin da ya fara sassauta rikicin zare ne: Harriet Hargrave, wadda littafinta kan wannan fanni ya fito a 1987, ta koya wa mata amfani da wani zaren nailan mai sili ɗaya, siriri kamar gashi, marar launi, wanda in an yi ɗinki da shi ido ba ya ganin zaren, sai kwarin da ya bari a jikin ƙyalle, har mai kallo ya zaci aikin hannu ne. A 1989 kuma, a gasar da ake yi a garin Paducah ta jihar Kentucky, bargon Caryl Bryer Fallert mai siffanta kusufin rana ya ci babbar kyauta, shi ne na farko da aka soke da keke da ya kai wannan matsayi, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni dai ina ganin masu kishin hannu suna da uzuri, domin abin da suke tsoron ya ɓace, watau zaman gayya da natsuwar aikin, lalle ya ragu ƙwarai; amma hukuncinsu a kan keke bai yi adalci ba, kuma zamani bai goyi bayansu ba.

Kafin wannan gasa da 'yan shekaru, a 1980, Ken Gammill na jihar Missouri ya fito da keken da ya juya al'amarin gaba ɗaya, ya mayar da shi ga asalinsa ta wata fuska: bargo ya koma kan firam ya kwanta a miƙe, naɗe a jikin sandunan ƙarfe masu tsawon ƙafa 10 zuwa 14, keke mai dogon wuya kuma shi ne ke tafiya bisa tayoyi, mai ɗinki na riƙe da hannayensa biyu tana zana ado da allura kamar mai rubutu da alƙalami. A nan ne zaɓen zare ya zama ilmi mai zaman kansa. Keken tela gaba ko baya kurum yake tura ƙyalle, shi kuwa wannan gabas da yamma, kudu da arewa, duk tafiya yake, yana sukan da ya haura 1,500 a minti guda, allura tana ɗan lanƙwasawa ta bi inda aka ja ta, tana zafi saboda gogayya da auduga, tsaurin zaren kuma yana sauyawa gwargwadon fuskar da aka nufa. Sharaɗin kyakkyawan ɗinki shi ne zaren sama da na ƙasa su sarƙe a tsakiyar auduga inda ido ba ya gani. Idan na sama ya fi tsauri sai ɗigon na ƙasa ya ɓullo a fuskar bargo, idan kuwa ya yi sako-sako, mai aiki ba za ta sani ba sai ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin firam da fitila, ta tarar da zare ya yi tsiri-tsiri a duk inda ta yi kwana, kamar gashin ido, aikin yini guda ya zama na farkewa. Saboda wannan ne ma zaren irin wannan keke ba a ƙaramin kwarkwaro yake zuwa ba, a manya yake, masu faɗin gindi da tsinin kai, masu ɗaukar yadi dubbai, an naɗe shi a gicciye don ya riƙa zarewa ta sama ba tare da kwarkwaron ya juya ba. Zaren hannu mai kaki ko sitaci kuwa an hana shi shiga keke ɗungum, don yana barin danƙo a faifan da ke matse zare.

Lambobin da ke jikin zare su ma gadon masaƙan Ingila ne, waɗanda ke ƙirga ƙulli nawa mai yadi 840 ke cika laba guda, don haka gwargwadon girman lamba gwargwadon sirantar zare. A lissafin da masu bargo suka fi bi yanzu, lamba 40 na nufin kilomita 40 na silin ne ke yin kilo guda, in an rubuta wata lamba a gefenta, kamar 3, adadin tufka ke nan. Akwai kuma wani ma'auni na masana'antu da ake kira teks, mai auna nauyin mita 1,000 da giram, wanda shi lambarsa hawa take yi in zare ya yi kauri. Tun da kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan ma'auni guda ba, lamba 50 ta wannan gida tana iya fin ta wancan kauri, mai hankali kuma ba ta dogara da takarda sai ta murza zaren tsakanin yatsunta. Galibi 40 ake ɗauka in ana son adon ɗinki ya fito, 50 ko 60 in ana son ya lafe ƙyalle ya yi magana, silikin lamba 100 kuwa sai wurin da ɗinki ya cushe ƙwarai, inda zare mai kauri zai mai da bargo tamkar allo. Da yawa sukan sa siriri a ƙasa, don kwarkwaro ya ɗauki mai yawa, a rage tsayawa canji.

Saɓanin da ya rage har yau shi ne na auduga da poliyesta. Masu riƙo da auduga hujjarsu ita ce jinsi ya bi jinsi: ƙyallen auduga da cikon auduga su tsufa tare da zarensu, su ɗan tsuke tare a wankin farko, bargo ya sami yamutsin nan mai daɗin gani da aka san tsofaffin barguna da shi, kuma auduga ba ta narkewa a ƙarƙashin dutsen guga. Illarta ita ce ɓurɓushi, wanda ke taruwa a wajen ƙugiya kamar ƙurar gari, har sai an riƙa tsayawa ana sharewa da ɗan buroshi duk sa'ad da aka canja kwarkwaro, in kuwa mai gajeren sili ce sai ta yi ta tsinkewa in keke ya ɗau gudu. Poliyesta ta fi jimiri, ɓurɓushinta kaɗan ne, kuɗinta da sauƙi, shi ya sa masu ɗinka wa mutane don lada, waɗanda bargo ke jiran bargo a hannunsu, suka fi karkata gare ta. An daɗe ana zarginta da cewa ƙarfinta kan yanka ƙyallen auduga bayan shekaru, kuma ina zaton zargin ya samo asali ne daga zaruruwan farko masu kaushi da nailan ɗin da kan bushe ya yi rawaya, na yanzu kuwa sun fi laushi nesa ba kusa ba. Zuciyata ta fi kwanciya da auduga mai dogon sili ga bargon da ake nufin a gada, amma ba na ganin laifin wadda ta ɗauki poliyesta don bargon yara da za a riƙa wankewa kowane mako.

Masana'antun Paisley da suka fara wannan tafiya sun rufe, ta Ferguslie a 1984, ta Anchor a 1993, kwarkwaron katako kuma roba ta maye gurbinsa tun kafin nan. Akan sami matan da suka gaji akwati cike da irin waɗannan tsofaffin kwarkwaro, su yi sha'awar ɗinka bargo da zaren kakarsu, sai dai auduga tana rauni in ta daɗe, musamman in rana ko danshi ya taɓa ta, don haka masana sana'ar kan ce a warwaro kamu guda a naɗe a yatsu a fizga. In ya tsinke ba gardama, to, ba zai jure keken firam ba, sai a ajiye shi don ƙananan aikin hannu. Wanda ya tsallake wannan gwaji ma ba a fara bargo da shi kai tsaye, sai an shimfiɗa guntun ƙyalle a gefen firam, bisa audugar da bayan da za a yi aikin da su, an yi 'yan da'irori da kusurwoyi, an duba sama an leƙa ƙasa, an gyara tsauri, an kuma tabbatar kafar allura ta ishi kaurin zaren.